Direban da Ba Ya Shiga Ƙurar Wani

Ranar Talata, tara ga watan jiya, ina kwance a ɗaki da littafi a hannu, na kai inda ake shirin sasanta masoya, sai waya ta yi ƙara. Innarmu ce. Ta ce, "Ki yi haƙuri, yayanki ya rasu a hanya." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya, kai ne direban motar da ke kai magani asibitocin ƙauye, ta doguwar hanyar tsakuwar nan da waya ba ta shiga. Abokan aikinka Hawainiya suke ce maka, kai kuma sai ka yi dariya ka ce, "Ku je, zan same ku a gaba kuna canza taya." Ba ka tashi sai da jarkar ruwa da tayar safaya, sai ka faɗa wa Inna lokacin da za a fara nemanka. Kana rage gudu tun kafin kwana, domin ka ce tsakuwa ba ta riƙe taya, wanda ya danna birki a kanta sulɓewa zai yi. Idan babbar mota ta tada ƙura a gabanka, sai ka ja baya ka kunna fitila har hanya ta washe. Ba ka taɓa wuce motar da ta lalace ba. Littattafan farko da na karanta ma kai ka sayo mini, kana tsokanata wai soyayyar takarda ba ta dafa abinci.

Ranar ma taimako ka tsaya yi. Wani mutum da iyalinsa taya ta fashe musu, ka sauka gefen hanya sosai, ka durƙusa kana kwance musu noti. Wani direba ya kutsa cikin ƙurar tifa zai wuce ta, ba ya ganin ko hancin motarsa. Da ya hango ku ya danna birki, motar ta sulɓe ta same ka.

A zaman makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Na yarda, ajali na Allah ne. Amma ƙafar da ta taka totur ta mutum ce, kuma na gaji da jin ana lulluɓe ganganci da sunan ƙaddara.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya, a hanyar dawowa daga zaman makokinka ya faru. Maigidana ne ke tuƙi, 'yarmu tana barci a cinyata, a kan wannan hanyar dai. Muka cim ma wata tifa, sai ya karkata ya shige ƙurarta, duwatsu na dukan gilashi.

Na ce, "Maigida, don Allah ka ja baya. Ba ka ganin gabanka."

Ya ce, "Malama, koma ga littafinki. Hanyar nan ko idona a rufe na san ta."

"Wanda ya kaɗe Yaya ma ya santa."

Bai rage ba. A littattafan da nake karantawa, jarumi yana sharara gudu da hannu ɗaya ya isa lafiya, domin marubuciya ce ke riƙe da sitiyarin. A hanyar tsakuwa babu marubuciya. Na ƙanƙame yarinyar, na rasa ko kuka nake yi ko fushi.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa taimakon da ka rasu kana yi ya shiga mizaninka. Allah Ya ba Inna da matarka da yaranka haƙurin wannan rashi.

Jiya maigida ya ce mu shirya, za mu je gaida iyayensa ta wannan hanyar. Na gaya masa, mahaifiyarsa tana ji ta waya, don kada a ce ba a ji ba: ni da 'yata ba za mu sake shiga motarsa a hanyar tsakuwa ba, sai ranar da ya daina shiga ƙurar wani.