Shafin da Abba Yake Karanta Mana

Ranar wata Laraba ce cikin watan Nuwamba, lokacin tsinkar zaitun, ina da shekara tara. Na dawo daga makaranta na tarar da Abba tsaye a bakin ƙofar kicin, riƙe da ludayin Umma, yana jujjuya shi kamar wani ne ya aiko masa da shi daga wata ƙasa. Iskar teku tana kaɗa masa 'yar shara. Ya dube ni ya ce, "Uwata, me ake ce wa wannan?" Na yi dariya, na zaci irin wasan nan ne da yakan yi mini don kada Hausata ta gudu, na ce ludayi ne mana. Ya maimaita kalmar sau biyu a hankali, ya ciro biro daga aljihu ya rubuta ta a tafin hannunsa. Umma tana daga ciki tana tankaɗe. Na ji ta daina tankaɗen.

A lokacin watanmu bakwai a wani ƙaramin tsibiri na ƙasar Girka. Abba malamin makaranta ne a Kano, kuma marubuci, ya daɗe yana son ya rubuta littafi a kan mahaifinsa wanda marini ne, amma koyarwa da hidimar dangi suka hana. Yana da wani aboki Bagirke, Malam Yanni, wanda aka haifa a Kano inda ubansa yake da gidan burodi, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Shi ne ya ce gidan kakansa yana nan a tsibiri a rufe, ɓeraye kawai ke kwana ciki, Abba ya je ya zauna shekara guda ya gama littafinsa. Abba ya ɗauki hutu daga aiki, ya cika akwati guda da littattafan rubutu, Umma ta cika ɗaya da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, muka tafi mu uku. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

Gidan ɗaki biyu ne da kicin, an shafe shi fari fat, yana manne a jikin tudu kamar sheƙar tsuntsu. A tsakar gida akwai bishiyar ɓaure da lemun tsami guda, da rijiyar da ba ta da idon ruwa, ruwan sama take tarawa daga rufin gida. Daga bakin katanga ana hango tashar jirgi a ƙasa, da jiragen masunta, da teku har iyakar gani. Ranar da muka iso Abba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ku duba, an zuba baban rini a rijiyar da ba ta da gefe." Babban jirgin ruwa yana zuwa sau biyu a mako in iska ta yarda, ya kawo gari da wasiƙu da jaridu, in ta ƙi kuwa sai kowa ya ci abin da ke gidansa. Babu masallaci a tsibirin, babu wani Musulmi sai mu. Abba ne yake kiran salla a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa, mu bi shi ni da Umma, awakin maƙwabta suna leƙenmu ta saman katanga.

Rayuwarsa a can ba ta canza tsari. In ya idar da asuba sai ya fito da ɗan teburinsa ƙarƙashin ɓaure, Umma ta kawo masa shayi, ya zauna yana rubutu har rana ta kai ƙafar teburin. Daga nan ya sa hula ya gangara tasha, ya sayi burodi da kifi, ya zauna a shagon gahawa tare da tsofaffin masunta. Ba ya jin yarensu sai gaisuwa da ƙirge, su ma ba sa jin nasa, amma sukan yi awa guda tare, suna jan 'yan carbinsu na wasa, shi yana jan nasa na gaske. Bayan azahar ya ɗan kishingiɗa, da la'asar ya bi hanyar awaki ya zagaya tudu, hannuwa a baya, yana magana shi kaɗai yana gwada jimloli a baki. Kafin magariba kuma sai ya kira mu, mu zauna a kan dakalin rijiya, ya karanta mana abin da ya rubuta a ranar. Wannan ne lokacin da na fi so. Nan na san yadda ake jiƙa baba da toka, da yadda farin ƙyalle yake fitowa daga rijiya kore-kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi, da ƙarar mabuga da ake ji tun daga bayan gari, da hannun kakana wanda har ya rasu bai koma kalarsa ba.

Ni ma ina da nawa aikin. Ni nake jawo ruwa da guga in cika tulu, in share ganyen ɓaure, in je gidan maƙwabciyarmu in karɓo nonon akuya. Sunanta Eleni, tsohuwa ce mai baƙaƙen kaya tun rasuwar mijinta a teku, muna ce mata Kiriya Eleni, don haka suke girmama mace a can. Tana da jaki mai taurin kai da bishiyoyin zaitun da yawa, in lokacin tsinka ya zo sai mu shimfiɗa raga a ƙasa, manya su kakkaɓe rassa da sanduna, mu yara mu tsince ganye. Makarantarmu aji ɗaya ce, malama ɗaya, yara ba su fi goma sha biyu ba. Da farko sukan taɓa kitsona su gudu. Abin da ya haɗa mu carafke ne, ashe su ma suna yi, da duwatsun bakin teku masu santsi, kuma babu wadda ta iya kamar ni. Amma aikin da na fi alfahari da shi shi ne na Abba: in ya tashi daga tebur, ni nake tattara shafukan da ya yago ya gyara, in danne su da dutse, don iskar tsibirin ba ta barin takarda a inda aka ajiye ta.

Bayan ranar ludayi abubuwa suka ci gaba kamar da, sai dai tafin hannun Abba kullum da rubutu. Wata rana guga, wata rana madubi. Karatun yamma ma ya fara yi mini wani iri. Sai in ji kamar na taɓa jin wannan wurin, in ce a raina ai gyara yake yi, marubuci yakan koma baya. Wani hantsi na Asabar na manta ban ɗora dutsen ba, iska ta kwashe shafukan ta watsa su a tsakar gida, wasu har cikin garken Kiriya Eleni. Na bi su da gudu ina tsincewa, na zauna bayan rijiya in jera su kafin ya dawo daga tasha. Na duba na farko, ya fara da cewa, "A Karofi, tun kafin rana ta fito, warin baba yakan riga ladan tashin mutane." Na duba na biyu, haka ya fara. Na uku ma haka. Shafi ashirin da wani abu na riƙe a hannuna, kowanne da kwanan watansa daban a sama, da kyakkyawan rubutun nan nasa mai kwanciya, kuma duk shafi ɗaya ne.

Na kai wa Umma a kicin. Ba ta karɓa ba, ta dai goge hannunta a zani ta ce, "Na sani. Mayar da su yadda suke." Na ce to ai shi bai sani ba, mu gaya masa. Ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai da tawa, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, "Abin da ya rubuta yau, yau ya rubuta shi. In ya karanta ki saurara." Daga baya na gane ta riga ta aika wa Malam Yanni wasiƙa, tana jiran amsa, kuma hunturu ya shigo, jirgi ya fara tsallake mako.

Haka muka yi wajen wata biyu. Kullum kafin magariba ya kira mu, ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya fara daga warin baba da ladan. In ya kai ƙarshe ya ɗago kai yana dubanmu kamar yaron da ya kawo allo, Umma ta ce, "Madalla, Malam, ya yi kyau." Ni kuma in yi tambaya, don na lura yana jin daɗin tambaya. Na haddace shafin har ina iya motsa leɓena tare da shi, sai na riƙa cizon leɓen don kada ya gani. Har yau ban san abin da ya fi ba ni tsoro ba, ranakun da yake karantawa da murna, ko ranar da ya tsaya a tsakiya ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "Kamar na taɓa zuwa nan," sannan ya ci gaba.

A cikin Fabrairu iska ta tashi ta yi kwana tara, jirgi bai zo ba. Ranar da ta lafa Abba ya fita zagayensa na la'asar, lokacin karatu ya yi bai dawo ba. Umma ta gangara tasha tana tambaya da hannu da 'yan kalmomin da ta iya, masunta suka bar gahawarsu suka bazu, wani ya je ya kaɗa ƙararrawar coci. Ni Kiriya Eleni ce ta kama hannuna, ta kwance jakinta, muka bi wata siririyar hanya da ke sauka bayan tudu, inda duwatsu suka yi ramuka-ramuka ruwan teku yana taruwa a ciki. Ta san inda mutum yakan nufa in ya rasa hanya, ta shekara saba'in a wurin. Can muka hango shi, tsugune a bakin wani rami, daga shi sai singileti a cikin wannan sanyin. Ya tuɓe farar rigarsa ya tsoma a ruwa, yana juya ta da sanda, ya ɗago ta ya matse ya shanya wa iska, ya duba, ya sake tsomawa. Hannuwansa sun yi fari don sanyi.

Da na matso ya ɗago kai. Ya gane fuskata, amma ba ni ya gani ba. Da wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba, muryar ƙaramin yaro mai tsoron faɗa, ya ce, "Inna, ya ƙi kamawa." Na juya na dubi Kiriya Eleni, ba ta ji abin da ya ce ba, babu kuma wanda zai gaya mini abin da zan yi. Na ji bakina yana cewa, "Bar shi, gobe zai kama. Taso mu je gida." Ya tashi ba musu. Tsohuwar ta cire mayafinta baƙi ta lulluɓa masa, muka ɗora shi a jaki, na riƙe jiƙaƙƙiyar rigar tana ɗiga a ƙafata har gida.

Jirgin da ya zo bayan kwana biyu da shi muka je babban tsibiri wajen likita, ya faɗi sunan ciwon, irin na mantuwa ne, ya ce ba kasafai yake kama mai shekara arba'in da uku ba, amma yana kamawa. Malam Yanni ya zo da kansa ya raka mu har Kano. Ranar tafiya masuntan shagon gahawa suka jeru a tasha, Abba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana musabaha, yana yi musu godiya da Hausa, suna amsawa da nasu. Ya ƙara shekara shida a duniya. Littafin babi uku ne cikakku, sauran kuwa suna cikin akwatin Umma, ba ta yarda a jefar da ko shafi ɗaya ba.

Yanzu ina Kuala Lumpur, a hawa na goma sha huɗu a unguwar Pantai Dalam, ina fama da rubutun digirina na uku. Nan ba a rasa kiran salla, ta ko'ina yake shigowa, ruwan sama kuma kusan kullum da la'asar, babu mai tara shi. Yarana biyu in na yi musu Hausa da Turanci suke amsawa, ƙaramar ma sai ta ja ni da hannu ta ce "makan" in tana jin yunwa, haka ake cewa ci da yaren ƙasar nan. Duk hutu matan 'yan'uwanmu ɗalibai sukan shirya tafiya tsibiran ƙasar nan, su nuna mini hotunan ruwa garai-garai, in ce musu sai wani karon. Shekarata huɗu ina faɗin haka. Saura shekara bakwai in kai shekarun Abba na wancan lokacin, ba na kuma yin wannan lissafin a gaban kowa.

Kwanakin baya na kira Umma, hira ta kai mu can tsibirin Girka. Na zaci za ta ce Allah kada ya maimaita. Sai ta ce ita fa duk zamanta da Abba ba ta taɓa samunsa ita kaɗai ba sai a wannan shekarar, ba ɗalibai, ba baƙi, ba mai sallama a zaure. Ta tambaye ni ko ina ganin ɓauren nan yana nan. Na ce ina jin yana nan. Ni ma da za a ce in zaɓi yamma ɗaya in koma, cikin waɗancan na karatu a bakin rijiya zan zaɓa.