Kumandan Zabo da Kazar Baya

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Sai in ce bari in rubuta, sai wata zuciya ta ce: Isuhu, kai da karatunka ya tsaya a ajin ƙarshe na ƙaramar lakwal, wa ya aike ka? In ka ƙara wa tatsuniyar kakarka abin da ba ta faɗa ba fa, ga ta kwance a kushewa, ba bakin gyara maka? Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ina nan ina saƙa da warwara.

Jikana Nasiru ne ya tunzura ni. Wata ranar Juma'a na tarar da shi a zaure ya ƙura wa portabul, wayar hannun kawunsa, ido, yana kallon desanime, zanen nan masu motsi da ake yi wa yara. Sojojin ƙarfe ne, kumandansu da hular kwano da murya kamar tsawa. Na zauna kusa da shi. Kumandan ya daka ihu, runduna ta ruga, sai na ga wani ɗan soja ya faɗi can gefe, kowa ya wuce shi.

Na ce, "Nasiru, wancan da ya faɗi, wa zai koma ya ɗauko shi?"

Ya ce, "Kai tsoho, ai shi ba kowa ba ne. Dubi kumandan mana!"

Na yi dariya, amma daren nan da Kaka Delu na kwana a rai.

Shekarar farin nan ce, lokacin soja ke riƙe da ƙasa. Ƙauyenmu na tsakanin Korgom da Hawandawaki, ba hanya sai ta yashi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, daga baya su ma ɓerayen suka yi ƙaura. Iyayenmu maza sun tafi kudu neman abin kai wa baka. Jifa-jifa kamiyon soja kan shigo da jar dawa ta taimako, mu yara mu bi shi da gudu muna sara wa direba. Abin mamaki, in na tuna lokacin ba yunwar ce ke fara zo mini ba, dariyar ce.

Dalili kuwa Lawali ne, ɗan baffana. Ya ɗan zauna wurin gwaggonsa a Tasawa, can ya ga telen jama'a da ake kunnawa a fili da maraice, ya kalli irin zanen nan na yaƙi. Da ya dawo bai bar kowa ya huta ba. Ya ce akwai kumandan guda da ba ya waiwaye, shi ke gaba kullum, in ya ɗaga hannu duwatsu na tsagewa. Ya kifa ƙoƙo a kai, ya rataya gwangwanin mai fanko a wuya yana bugawa da kara, ya naɗa kansa kumandan. Muka fafe karan dawa muka yi bindigogi. In ya ce "Gardabu!" mu ƙame, in ya ce "Anaba!" wato a yi gaba, mu ruga.

Iyayenmu mata ba su hana ba, don rundunar na da amfani. Mu ake aikawa daji ɗibar dilo, 'ya'yan anzar nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Da shi ake rufa wa tukunya asiri a shekarar.

Ni dai tun ina yaro haka Allah ya yi ni, ba na rabuwa da fargaba. Ana gudu sai in tsaya in duba ko murfin gorar ruwa ya zauna. In wani ƙarami ya taka ƙaya, ni ne durƙushe ina cire masa. In aka yi gaba kaɗan sai in waiwaya in ga ko kowa na nan. Lawali ya gaji, ya laƙaba mini suna Kaza. Wata rana da yamma ya tsayar da ni gaban kowa ya ce, "Kaza, gobe za mu anzar bayan jigawa, da nisa. In ka sake tsayar mini da runduna, na kore ka. Ka zauna gida ka yi ta tsince dilo da tsofaffi."

Ga yaro, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk abokaina suna cikin rundunar. Wanda aka kora ba shi da abokin wasa, ko a dandali ba a kiransa.

Bayan sallar lisha muka taru gun Kaka Delu kamar kullum. Mahaifiyar ubanmu ce, daga wajen Sarkin Hausa ta ƙasar Mayahi aka auro ta. Tana zaune bakin murhu tana dafa dilo, tana tura kara cikin wuta kaɗan-kaɗan, hasken na wasa a goshinta. Ta dube ni ta ce, "Angona, mi ya samu fuskarka, kamar dilon da aka jiƙa kwana guda?"

Tsahara, ƙanwar Lawali, 'yar mitsitsiya mai tsinin baki, ta ce, "Kumandan ya ce shi kaza ne, gobe za a kore shi."

"Kaza? To madalla. Ni da ba ni da ko guda, yau na samu." Ta gyara zama. "Ga wata ta taso daga bayan rumbu."

Muka ce, "Ta ƙaraso, mun ba ta wuri."

Ta ce wata shekara an yi yunwa a ƙasar tsuntsaye. Labari ya zo cewa can ƙetaren fadama akwai masussuka da gero ya zube ba mai tsinta, amma Shirwa da mutanenta na shawagi a kan hanya. Tsuntsayen ƙasa suka taru za su naɗa sarkin yaƙi. Ba a daɗe ana shawara ba, don Zabo na tsaye. Ga kwalkwali Allah ya ɗora masa a ka, ga riga mai rodi-rodi, ga murya da ake ji daga wani gari.

Lawali ya yi tsalle. "Kaka, kakin soja ke nan!"

Ta waiga wajen darni, ta rage murya. "Ni maganar tsuntsaye nike, ɗan nema. Ka ji na ambaci wani?"

Ta ci gaba. Kaza ta ɗaga kai ta ce, ranka ya daɗe, ƙanana fa? Ciyawar fadama ta fi su tsawo, ga raɓa. Aka bushe da dariya, aka ce Kaza sarkin tsoro, inuwar gajimare ma sai ta ce shirwa ce. Da asuba Zabo ya buga ihu ya kutsa cikin ciyawa, bai waiwaya ba. 'Ya'yan zabi suka bi shi, raɓa ta jiƙa su, sanyi ya kama ƙafafunsu, wannan ya zauna, wancan ya ɓace. Kaza na can baya tana tafe tana tono, ido ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Duk ɗan da ta tarar yana rawar sanyi sai ta buɗe fiffike ta sa shi ciki, ba ta tambayar ɗan wane ne. In Shirwa ta sauko sai ta tarar da fiffike a rufe. Kaka ta rera waƙar Kaza da 'yar siririyar muryarta:

"Taho, taho, ɗan wani,
ƙafarka gajera, tawa gajera."

Zabo kuwa ya isa masussuka, ya hau tsibin ƙaiƙayi, ya juyo zai yi wa runduna jawabi, sai ya ga ba kowa sai inuwarsa.

"Shi ya sa," in ji Kaka, "har gobe in zabuwa ta yi ƙwai ba a bar mata. Kwashewa akai a sa wa kaza. Ko ba ku gani ba?"

Mun gani mana. Kowane gida haka ake yi da damina. Daɗi ya rufe ni, na jingina kai da ƙafarta, ɗumin wuta na shiga jikina. Abin da na sani kawai shi ne na farka na ji tana cewa, "Na aje ta nan, kusu ya ja wutsiyarta." Barci ya sace mini ƙarshen. Da na roƙe ta ta maimaita sai ta ce, "Tatsuniya ba tuwo ba ce da za a ɗumama maka."

Gari ya waye muka kama hanya. Na ƙudura a raina yau ba zan tsaya ba, ko me zai faru. Mun ɗebi dilo lafiya, ƙwarya ta cika. Da la'asar Lawali ya buga gwangwani ya ce "Anaba!" aka juyo da gudu. Ba mu yi nisa ba na ji kuka a baya. Tsahara ce, ƙayar aduwa ta shige mata dunduniya, ga wasu ƙanana biyu tsaye kanta suna taya ta kuka.

Na dubi runduna tana haye jigawa. Na dubi Tsahara. Ta ce, "Kaza, kar ka tafi."

Na durƙusa. Ƙayar ta karye a ciki, na daɗe ina fama da ita da tsinke. Da na gama na goya ta, na ba ɗaya ƙwaryar, na riƙe hannun ɗayan. Muna tafe ina rera musu waƙar Kaza don su yi shiru, ni kuwa a zuci ina cewa shi ke nan, an kore ni.

Sai ga abin da ban yi tsammani ba. Bayan jigawa hanya ta rabu, iska ta shafe sawu, kowane gawo ya yi kama da ɗan'uwansa. Ni kuwa duk zuwan da muke yi ban taɓa lura da hanya ba, kullum idona na kan ƙafafun yara da murfin gora. Lawali ne ya san hanya. Rana ta yi ja, ruwan gora ya ƙare. Na bi nan na dawo, na bi can na dawo. Tsahara ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Kaza, ka ɓata ko?" Na ce, "Wa ya gaya miki? Dubawa nike." Na ci gaba da tafiya ban san inda na dosa ba.

Can muka ji shi. Gwangwani, ƙwal-ƙwal-ƙwal, da wata murya da ta dushe don ihu: "Kaza! Tsahara! Kazaaa!" Muka bi sautin. Muka tarar da Lawali bisa wani tudu, ƙoƙon kansa ya faɗi bai ma sani ba, majina da hawaye sun haɗu a fuskarsa. Ashe sai da ya kai bakin gari ya juya zai sallami runduna, ya ga ba ƙanwarsa. Bai jira kowa ba ya juyo da gudu.

Da ya gan mu ya share fuska da sauri, ya ɗauki ƙoƙonsa ya kifa. Ya ce, "Hayaƙi ne ya shiga mini ido." Ba wuta ko ɗaya a dajin nan.

Na ce, "Kumandan, na tsayar da runduna."

Ya karɓi Tsahara ya goya. Sannan ya ce, "A tele ma akwai wani kumandan na baya. Mantawa na yi ban faɗa muku ba. Daga yau kai ne."

Na san ƙirƙira ya yi, amma na ƙame na sara masa. Da muka iso gida Kaka na bakin murhu, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To, zabi da kaji sun dawo. A ba su ruwa kafin a ba su kashi."

Shekaru sun tafi. Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Lawali shi ke jan gayya a garinmu yanzu, in ya yi kira daga gona ana ji a masallaci. Ni ke bin baya da amalanke, ina kwaso wanda ya gaji da hauyar da aka manta. Da can na ɗauka tatsuniyar tawa ce, Kaka ta yi ta ne don ta rama mini. Sai da na girma na fara tambayar kaina: Kazar nan da ke tafe tana tono, ta yaya ta san inda masussuka take, in ba sawun Zabo ta bi cikin ciyawa ba? Na ga shugabanni masu gudu su bar mutane, na kuma ga irina, masu tattara mutane su rasa inda za su kai su. Ban ga wanda ya isa shi kaɗai ba.

Ga inda gardamarmu take. Lawali ya rantse cewa a ƙarshen tatsuniyar Zabo ya sauko daga tsibin ƙaiƙayi ya koma da gudu yana kira, wai shi ya sa har yau zabi ba su daina kira ba. Ni barci nake, ban ji ba. Tsahara ta ce ita ƙanƙanuwa ce, abin da ta riƙe kawai waƙar. Lawali kuwa mutum ne da ya taɓa ƙirƙiro kumandan na baya a tsaye, don haka ban san ko in yarda ba. Nasiru ya matsa mini in ba shi tatsuniyar, na ce ya dakata. Ba na son in ce Zabo bai koma ba alhali ya koma, in ɗauki alhakinsa a banza.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanen wajen Sarkin Hausa da Mayahi inda Kaka ta taso. In kakarku ta taɓa ba ku tatsuniyar Zabo sarkin yaƙi, kuma ba ku yi barci ba, don Allah ku aiko mini da saƙo ta hannun masu moto da ke zuwa kasuwar Korgom. Ku ce a ba Isuhu Kaza, kowa ya san ni. Abu guda nake son sani: Zabo ya waiwaya?