Shanyar Kuɓewa a Bayan Asibiti

Shekarar da aka kawo mana firji mai aiki da hasken rana, ni ce ke riƙe da ƙaramin asibitin wani ƙauye a gefen Yalwa. Kafin nan, duk ranar rigakafi sai na hau mashin zuwa Rano na ɗauko allura a akwatin ƙanƙara. Da firjin ya zo har shafa shi nake yi in zan wuce.

Farantan solar masu ɗaukar hasken ranar a bayan asibiti aka kafa su, kan ƙarafa daidai ƙugu, aka kewaye da waya saboda awaki. Makullin wajen na hannun dattijuwar da ke mana shara, wadda kowa ke kira Inna. Injiniyan da ya haɗa kayan ya ce ta riƙa goge su kowace safiya, ita kuwa ba ta taɓa fashi ba.

Da kaka ta yi, sai ma'aunin firjin ya fara nuna sanyi na raguwa. Na leƙa farantai da sassafe, tas suke. Na buga wa injiniya waya a Kano na zazzage masa, na ce kayan banza suka kawo mana. Ina da saurin baki, na sani. Ya ce in yi haƙuri sai mako na sama.

Wata Litinin da azahar na zagaya baya neman buta. Sai ga kuɓewa yankakkiya an shimfiɗa buhuna an baza ta a kan farantan, gefe guda har da barkono. Inna na tsugune tana juyawa.

"Inna, mene ne haka?"

"Shanya ce, 'yar nan. Nan ba akuya, ba ƙasa, ga zafi. Kwana biyu ta bushe ƙayau."

"Tun yaushe kike yi?"

"Tun da aka fara ɗiba. Ai sai na goge nake zubawa, kamar yadda aka ce."

Sai na fasa faɗan da na ɗauko. Mu ne muka ce ta goge, babu wanda ya taɓa zama ya gaya mata cewa da ranar da ke faɗa wa farantan ne firjin ke yin sanyi. Na ja ta ciki, na buɗe firji, na nuna mata alamar da ke jikin kwalabe, wadda ke duhu in zafi ya taɓa magani. Fiye da rabi sun yi duhu. Na gaya mata ranar da ke sauka a kan farantan ita ce abincin firjin.

Washegari ranar rigakafi ce. Mata suka cika baranda da goyo, wasu tun bayan asuba suka taso a ƙafa. Ina ciki ina shirya yadda zan ce musu firji ne ya lalace, su dawo wani makon, sai na ji muryar Inna a bakin ƙofa.

"Ku yi haƙuri, ba laifin malama ba ne, ba na inji ba. Ni na shanya kuɓewa a kan abincinsa, maganin 'ya'yanku ya lalace. Ku yafe mini."

Kunya ta kama ni sosai. Na ajiye ƙaryar da na shirya, na fito na tsaya kusa da ita.