Yaya Umaru da labarin mutanen Ute

Shekara goma sha biyu ke nan da muka rufe Yaya Umaru a nan Jidda, kuma a makon nan tunaninsa ya hana ni zama wuri guda.

Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba. Shi ya sauke ni a unguwar Hindawiyya da na zo umara na ƙi komawa, ya nuna mini sarin kayan mota. Nan aka haife shi, jikan alhazan ƙafa, amma da iƙama, takardar zaman baƙo, ya rayu har ya mutu.

Yana saurayi ya yi wa wani Ba'amurke direba, ɗan ƙabilar Ute, cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Ba'amurken ne ya ba shi labarin kakanninsa. Gwamnatin Amurka ta sa hannu a takarda ta bar musu duwatsunsu. Da aka ga azurfa a ciki, sai aka sake zama, aka rage musu. Aka aiko jami'i ya mai da su manoma, ya sa garma a filin da suke tseren dawaki. Aka yi faɗa, soja suka kora su fako. Daga baya aka riƙa kwasar yara zuwa makarantun da ake hana su yarensu.

Ni ɗan kasuwa ne, takarda na sani. Nakan ce, "Yaya, iƙamarka na da rai, kafilinka da ya tsaya maka mutumin kirki ne, me ya haɗa ka da mutanen dutse?" Sai ya ce, "Su ma tasu da hatimi, ƙanena." Shi ya sa a gidansa duk yaron da ya nemi abinci da Larabci sai ya sake da Hausa. Na sha yi masa dariya.

Yanzu kafilin ya rasu, magada sun ce halas, sun janye hannu. Ɗan Yaya, Khalid, mai iyali, ko ya sami wani kafilin kafin iƙama ta mutu, ko ya nufi Kano, garin da bai taɓa gani ba. Na bi unguwar Bani Malik shago-shago ina nema masa, shiru. Da Yaya na nan, ba zai tsaya gori ba, takalmi zai sa mu fita tare.

Jiya Khalid ya zo shagona, ya ce, "Baffa, in tafiyar ce, wace unguwa zan ce tamu ce?" Da Hausa ya tambaye ni, tas. Yaya bai bar masa gida ba, bai bar masa ƙasa ba. Ya dai bar masa bakin da zai tambayi hanya in ya sauka.