Ranar da Kawu Idi Ya Karɓe Sandata

Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, a kakar shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai. Ina tsaye a gonar maigari da aka kwashe wa kara, a bayan ƙauyenmu kusa da Gidan Sori, riƙe da sandata mai lanƙwasasshen kai. Shekarata goma sha uku. Mu goma ne, yaran ƙetaren gulbi su ma goma, ga ƙodagon goruba a ƙasa tsakaninmu. Mutanen garuruwan biyu sun kewaye filin, amma ba kiɗa ba guɗa, har kukan awaki ana ji daga cikin gari. Can gefe kuwa ga Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, ya dogara da ƙafarsa mai lafiya.

Wasan gora muke ce masa. Kowane ɓangare na kora ƙodago da sanda har ya wuce da shi tsakanin turaku biyu na abokan karawa. A samartakarsa babu wanda ya kai Kawu. Bahago ne, kuma an ce idan ya ɗauki ƙodago sai dai a bi ƙurarsa. Wata shekara wani ɗan ƙetare mai suna Tanko ya kai masa sanda a gwiwa, ƙashin ya tsage. Wasa ya koma faɗa, aka fasa kawuna, dattawa suka hana gora tsakanin garuruwan. Kawu ya warke da ɗingishi, bai sake gudu ba. Da murnar 'yanci ta zo, shi ne ya yi ta zarya wurin maigari har aka yarda yara su kara sau ɗaya, da sharaɗin in aka ga jini, an rufe zancen har abada.

Shi ya zaɓe mu, shi ya shiga daji ya saro rassan aduwa, ya gasa su a wuta ya lanƙwasa. Ba ya yarda yaro ya zo fili sai ya gama aikin gida. Nakan kai damman gero bakin rumbu, in tara harawar wake, in ɗaure awaki, sannan in ruga. Yakan zauna a kan turmi yana zana mana wurin tsayuwar kowa a ƙasa da tsinke. "Ƙodago ya fi ku gudu, ku bar shi shi yi aikin," in ji shi. Ni ne mai cin wasa a cikinmu, ni ne kuma mai saurin fushi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, na ji labarin cewa ɗan Tanko, Labo, yana cikin masu zuwa, kuma na ƙudurta a raina sai ya koma gida a kan jaki.

Da aka fara, ƙura ta tashi, sanduna suka yi ta ƙas-ƙas. Na ci ɗaya, suka rama. Labo dogo ne, shi ke tsare ni, duk inda na juya sai in gan shi. Sau ɗaya ya taka ni, na ji wani daga mutanenmu ya ce, "Halin uban ne!" Maza suka fara matsowa cikin fili, na ga wasu sun gyara riƙon sandunansu na kiwo. Daga nan na daina duban ƙodago, gwiwar Labo kawai nake kallo. Na kai sanda sau ɗaya ta wuce ta gefen ƙafarsa. Ina ɗaga ta karo na biyu sai na ji an riƙe ta ta baya. Kawu ne. Ban san yadda ya tsallako filin da wannan ƙafa ba, numfashinsa har sarƙewa yake.

"Sallau, aje ta. Hita."

"Kawu, saboda kai ne fa."

"Ƙafata ce ko taka? Na aike ka?"

Ya miƙa sandata ga Ɗan Juma, wani siririn yaro da ko gudu bai iya sosai ba. Na zauna gefe ina kuka don haushi, mutanenmu na zagin Kawu a fili, suna cewa ya sayar da gari. Bai waiwaya ba. Kafin la'asar ta yi sanyi 'yan ƙetare suka ƙara ɗaya, suka cinye mu. Ba wanda ya zubar da jini. Da za a watse sai wani mutum mai furfura ya keto taro ya tsaya gaban Kawu. Tanko ne. Kawu ya ce, "Ɗanka ya iya tsaro. Ku zo baɗi."

Kwana bakwai ban gaishe shi ba, sai da mahaifiyata ta ja kunnena. Baɗi suka zo, baɗin waccan mu muka je. Da aka buɗe lakol, wato makarantar boko, kusa da mu, malamin da muke ce wa mushe ya kawo balo, ƙwallon ƙafa na fata, yara suka watsar da gora, sai aka ɗauko Kawu ya riƙe ƙungiyar, shi da bai taɓa shurin balo ba. Daga baya samarin Gidan Rumji suka roƙe shi ya jagorance su, ya yi shekaru yana kai su wasa har Maraɗi a bayan babbar mota. A can ni da Labo muka yi masa wasa tare, shi a baya, ni a gaba.

Yanzu jikokina a waya suke kallon wasan ƙasashen da ban san sunansu ba, sun san kowane mai horarwa da abin da ya ci. In na ce musu namu ya fara jagoranci ne da faɗuwar da ya zaɓa da hannunsa, sai su yi dariya. Gonar maigari ta zama gidaje, Kawu ya daɗe a ƙasa. Na yi ta cin wasa a rayuwata, amma wasan da aka fitar da ni daga cikinsa shi ne ya raine ni.