Rijiyar da Na Hana a Shiga

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni ne shugaban wani rukuni na 'yan kwana-kwana a nan Zariya. Mutum ne ni mai ji da kansa, domin ban taɓa rasa ma'aikaci a bakin aiki ba, kuma nakan faɗi haka ko a gaban manyana. Jama'a sun ɗauka kashe gobara kaɗai muke yi, alhali kiran rijiya da na kududdufi ba ya yanke mana.

Wata rana da bazara, bayan Azahar, aka kira mu wani gida a Tudun Wada. Motarmu ba ta iya shiga lungun ba, muka ƙarasa da ƙafa. Maigidan ya tare ni, ya ce mai yasar rijiya suka ɗauko, aka zura masa injin jan ruwa mai aiki da fetur har ciki, can sai suka ji shiru. Ƙanen maigidan, saurayi da bai daɗe da gama karatu ba, ya bi igiya don ya duba, shi ma suka ji shiru. Ina leƙa bakin rijiyar hayaƙin injin ya bugi fuskata, kaina ya sara. Na san duk wanda ya sauka haka zai zama na uku. Tukunyar iskar da muke goyawa mu shaƙa kuwa tana cikin ɗaya motar, wadda ni da kaina na tura Hanwa wajen gobarar wani shago. Na kira su, suka ce ga su nan tafe.

Kafin in juyo, babban ma'aikacina, wanda muka daɗe tare kuma ya fi kowa iya rijiya, har ya ɗaura igiya a ƙugu. Ya ce zai riƙe numfashi ya ɗaure su ya fito. Na ce ban yarda ba. Tsakar gidan ya cika, kowa na magana, wasu na cewa mun zo kallo ne, wani ya kira ni matsoraci. Sai mahaifiyar saurayin ta fito daga ɗaki ba mayafi, ta durƙusa ta riƙe ƙafar wandona. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa kawai take yi: "Ɗana, ka bar shi ya shiga, ai ya yarda." Ma'aikacin nawa ya sa ƙafa a bakin rijiya, na cafko shi ta baya na rungume, muna kokawa a gaban jama'a kamar yara. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai san na sa an kashe injin ta hanyar janyo shi, an yi ta fifita da tabarma a bakin rijiyar, ni kuma ina ta kallon ƙofa.

Da tukunyar ta iso, ma'aikacin nan nawa ne ya goya ya sauka. Mai yasar ya riga ya cika. Saurayin ya fito da sauran numfashi, ya cika kafin a kai asibiti. Wannan sauran numfashin shi ne ya hana ni sakat har yau.

Manyana sun ce na bi ƙa'ida. Wani likita da na sani ya ce da na bari da gawa uku za a ɗauko. Na yarda da su, amma zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Sai in zauna cin abinci in tashi, in shiga masallaci in kasa tuna raka'ar da nake. Ma'aikacin nawa bai sake tayar da maganar ba, sai dai ya daina zama shan shayi da ni, daga baya ya nemi canjin wurin aiki. Na je gidan ta'aziyya. Tsohuwar ta amsa daga bayan labule, ta ce kwana ne ya ƙare, ba ta riƙe ni da komai ba. Har na miƙe sai ta tambaya, cikin sanyin murya, ko da ɗana ne a ciki zan jira. Na ɗauki takalmina na fita, har yanzu tambayar tana bi na.

Na yi ritaya, amma ko kasuwa za ni nakan zagaye wannan lungun. Abin da na koya shi ne, shugaba na iya yin daidai kuma ya rasa kwanciyar hankali, don haka duk mai son a ɗora shi kan rayukan mutane ya san abin da yake nema. Ku kuma jama'a, don girman Allah kada ku zura injin fetur cikin rijiya. In mutum ya shiga kuka ji shiru, ku kira masu aikin, ku riƙe wanda ke son bin sa ko da zai tsane ku. Ƙauna ce ta saukar da saurayin nan, kuma ba ta fito da shi ba.