Rufa'i Mai Giris na Rimaye

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Malam Rufa'i a shekarar 1904 a garin Rimaye ta ƙasar Kankiya. Mahaifinsa Dawuda maƙeri ne, mahaifiyarsa Hadijatu kuwa mutuniyar Yashe ce. Ya sauke Alƙur'ani a Kusada a 1920, sannan ya koma maƙerar mahaifinsa.

Aure da sana'a

A 1927 ya auri Zinariya 'yar Tafashiya. Bayan shekara uku wani attajiri, Alhaji Kabo, ya kafa injin ɓarar gyaɗa a Kankiya, ya ɗora Rufa'i a kan zuba baƙin mai da shafa giris, har laƙabin Mai Giris ya bi shi. Da kunne yake gane ƙishirwar inji. Yakan ce ƙarfe in ya gogi ɗan'uwansa a bushe, zafi yake ɗauka, ya cinye kansa, ya sha mai ninki biyu a kan rabin aiki. Shekara goma sha uku injin bai taɓa cijewa a hannunsa ba.

Shekarun yaƙi

A 1943 baƙin mai ya yanke saboda yaƙin Turawa, alhali hukuma na matsa a kawo gyaɗa. Rufa'i ya narka man kaɗe ya gauraya da man gyaɗa, haɗin ya riƙe injin kaka biyu. Sai dai rana na ɗagawa yakan tsinke kamar ruwa. A watan Maris na 1945 Rufa'i ya nemi Alhaji Kabo a riƙa hutar da injin da azahar.

"Alhaji, wannan man miya ne, ba ya jure zafi," in ji shi.

"Buhu ɗari na jira, Rufa'i. A ci gaba."

Kwana huɗu bayan haka sandar injin ta yi ja, ta cije, bel ɗin da ke juya injin ya tsinke ya fizgi hannunsa na dama. A Katsina aka yanke masa hannun daga gwiwa. Alhaji Kabo ya ɗora laifin a kan haɗin man, ya sallame shi.

Ƙarshen rayuwa

Ya koma Rimaye, inda ya shekara goma sha uku a ƙofar gidansa yana ɗiga wa kekuna da kekunan ɗinki mai da hannun hagu, Zinariya na riƙe masa abin da ya kamata a riƙe. Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Laraba cikin damina ta 1958, bayan doguwar jinya, aka yi jana'izarsa da la'asar a maƙabartar garin. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Ummaru, Basiru, Turai da Sa'a. Mazan biyu manoma ne, domin tun yana raye ya rantsar da su kada su kusanci inji.